Kurakuran da aka fi yi wajen sa kwamfuta ta karanta rubutun likitoci

Yawancin manhajojin da ke tsamo sunan cuta da magani daga bayanan majinyata da Ingilishi aka horar da su, irin tarin bayanan majinyata mai suna MIMIC na wani asibitin Boston a Amurka. Takardunmu na Yamai kuwa da Faransanci ake rubuta su, a gaggauce, an gutsuttsure kalmomi. Ko manhajar DrBERT, wadda aka gina a 2023 don Faransancin likitanci, sai an ƙara horar da ita da rubutun gida kafin a amince mata.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gajerun haruffa. IRA a ɗakin yara galibi ciwon numfashi ne, amma a sashen masu ciwon ƙoda tana nufin ƙoda ta gaza farat ɗaya. Idan manhaja ta ba ta ma'ana guda, alƙaluman asibitin duka sun gurɓace. Sai kowane sashe ya samu jerin gajerun kalmominsa, majo ko likitan sashen ya duba shi, kuma manhajar ta riƙa lura da shekarun majinyaci da gwajin da ke kusa da kalmar.

Kore magana ma haka. Likita ya rubuta "pas de fièvre" (babu zazzaɓi) ko "TDR négatif" (gwajin gaggawa bai nuna maleriya ba), kwamfuta ta hango sunan zazzaɓi ta ƙirga yaro cikin masu maleriya. Wannan ya fi damun mu, domin da irin wannan ƙidaya ake neman magani. Tun 2001 dabarar NegEx ta nuna hanya: a tara kalmomin korewa, a duba har inda ikonsu ya kai cikin jimla. A yi wa ATCD, wato tarihin cututtukan majinyaci ko na danginsa, makamancin haka, don kada sikilar ƙanwa ko hawan jinin uwa ya hau kan mai takardar.

Lambobi ma suna ruɗarwa. Zafin jiki 38,5 da waƙafi ake rubuta shi maimakon ɗigo, kuma awon bugun jini TA 14/9 nufinsa 140/90.

Kafin takarda ta bar asibiti a goge suna, lambar waya da unguwa ko ƙauye, a kuma bi ƙa'idojin HAPDP, hukumar kare bayanan sirrin mutane ta Nijar. Manhajar gogewa ta waje ba ta san Talata ko Laraba na iya zama sunan mace ba, sai mutum ya bi sawu.

Wajen gwaji, ma'aikatan lafiya biyu su yi wa sunayen cuta da magani alama a takardu kowa daban, a sasanta inda suka saɓa. A raba takardun bisa majinyaci: wanda ya shiga rukunin horarwa kada wata takardarsa ta bayyana a rukunin gwaji, in ba haka ba sakamakon zai fi gaskiya kyau.