Yadda Ake Zaɓen Tsawon Jak Na Dish Mai Juyawa

Jak shi ne sanda mai injin lantarki da ke tura babban dish daga gabas zuwa yamma domin ya bi jerin taurarin ɗan'adam. Lambar da ake rubutawa a jikinsa, inci 12, 18, 24 ko 36, tana nufin iyakar nisan da bututun ciki yake fitowa, ba tsawon jak ɗin gaba ɗaya ba, kuma da wannan nisa ake yin lissafi.

Da farko ka duba faɗin dish ɗinka. A bisa al'ada, inci 18 yana ɗaukar dish na mita 1.8 zuwa 2.4, inci 24 ya dace da na kusan mita 3, shi kuwa inci 36 na waɗanda suka fi haka girma ne. Wannan kiyasi ne kawai, domin ƙirar ƙarfen da ke riƙe dish ta bambanta.

Awo ne yake yanke hukunci. Ka sami mai taimaka maka ya riƙe dish ɗin, ka juya shi da hannu zuwa tauraron ƙarshe da kake so a gabas, ka auna tazarar da ke tsakanin wurare biyun da za a ɗaura jak, wato maƙalar bayan dish da ta jikin gindinsa. Sannan ka juya shi zuwa na ƙarshe a yamma ka sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne nisan da kake buƙata, sai ka ƙara inci biyu ko uku domin kada injin ya riƙa kaiwa ƙarshe yana wahala.

Idan awon ya faɗo tsakanin girma biyu, na sama ya fi. Dogon jak yana ba da damar ɗaura shi nesa da inda dish yake juyawa, saboda haka dish ɗin ya fi jure iska, kuma ya fi tsayawa daidai a kan tauraro.

Bayan ɗaurawa, ka saita makunnan iyaka da ke cikin akwatin injin, wato masu tsayar da jak idan ya kai iyakar da aka sa masa, kafin ka fara ajiye wuraren taurari, domin jak da ya miƙe fiye da kima yana iya kifar da dish gefe har ƙarfe ya lanƙwashe. Wanda yake son kamawa daga wannan gefen sama zuwa wancan, injin juyawa mai giya zai nema, domin jak ba ya kaiwa nan.