Kurakuran da ɗalibai suka fi yi in an ce su haɗa baje kolin tarihi a intanet

Yanzu a makarantun sakandare da kwalejoji akan ba ɗalibai aikin haɗa ƙaramin gidan tarihi a shafin intanet: a ɗora hotuna da bayani, kowa ya shiga da wayarsa ya zagaya kamar yana cikin ɗakunan Gidan Makama, gidan tarihin da ke Kano. Aikin da daɗi, amma wuraren da ake tuntuɓe kusan iri ɗaya ne. Bari mu ɗauki marinar Ƙofar Mata a Kano mu bi ta kanta a matsayin misali.

Matsalar farko tana faruwa ne tun ba a taɓa kwamfuta ba. Sai a ce taken aikin "Al'adun Hausawa". Wannan ai ko gidan tarihi na gaske ba zai iya rufe shi ba, balle yara biyar da zangon karatu ɗaya. Abin da ke biyo baya shi ne tarkace: hoton hawan daba, hoton tuwo, hoton Dala, babu abin da ya haɗa su. Gyaran shi ne a rage, a sake ragewa, har take ya koma tambaya guda: yaya farin ƙyalle yake komawa baƙi mai sheƙi a Ƙofar Mata? Da zarar an sami tambaya, kayan da za a nuna su za su zaɓi kansu: busasshen baba (ganyen da ake rini da shi), toka, kanwa, bakin rijiyar rini, sandar motsawa, gungumen bugu, da rawani ɗan Kura. Abu bakwai ko takwas sun ishe ku.

Inda aka fi yin ɓarna kuwa, wajen bincike ne. Yaro zai buga suna a Google, abin da ya fara fitowa ya kwafe, ko ya ɗauko daga wani shafin Facebook da ba a san mai shi ba. Ku dubi shekarar 1498 da ake cewa a cikinta aka kafa marinar. Kusan kowane shafi yana maimaita ta, kuma ta faɗo cikin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. To amma shafi goma da suka kwafi juna ba shaidu goma ba ne, shaida ɗaya ce. Ku rubuta "masu marinar suna cewa an kafa ta a 1498", ku faɗi a bakin wa kuka ji. Wannan ya sha bamban da zuwan Baturen Jamus Heinrich Barth Kano a 1851, wanda ya rubuta da hannunsa yadda rinannen tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ɗaya tarihin baka ne, ɗaya rubutacce. Duka biyun suna da daraja, laifin shi ne a gwama su a ce wa mai kallo abu ɗaya ne.

Abin mamaki, ɗalibai da yawa suna zaune a cikin Kano amma ba za su taka zuwa wurin ba. Ku je. Ku yi sallama, ku gaishe da dattawan wurin, ku ce, "Baba, daga makaranta aka aiko mu, muna so mu ɗauki hoto da murya in an yarda." Kada a ɗaga waya a fuskar mutum yana tsakiyar aikinsa, hannunsa shuɗi har gwiwa, ba a tambaye shi ba. Ku gaya masa a intanet za a sa, domin akwai wanda zai yarda a ɗauki hannunsa da rijiyarsa amma ba fuskarsa ba. In za ku naɗi murya, ku kawo wayar kusa da bakinsa ku juya wa titi baya, in ba haka ba ƙarar a-daidaita-sahu kawai za ku kai gida. Sannan ku tsaya ku ga abin da ba ya cikin Google: ƙyallen yana fitowa daga rijiya da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonku, marini ya sake tsoma shi ya sake ɗagawa har launin ya kama. Bidiyon daƙiƙa 20 na wannan ya fi shafi biyu na rubutu.

Hoton da ba naku ba, ku nemi izini ko ku ɗauko daga Wikimedia Commons, inda aka rubuta sharaɗin kowane hoto a ƙarƙashinsa. Yawanci sharaɗin bai wuce a ambaci sunan mai hoton da irin lasisin ba. Rubuta "daga Google" ba ambato ba ne.

Sai bayanin da ke ƙarƙashin kowane abu. Nan ɗalibai sukan kasu biyu: masu rubuta "Wannan rawani ne" su wuce, da masu zuba insha'i mai sakin layi biyar. A ganina na farkon sun fi laifi, don mai kallo yana da ido, ya ga rawani ne. Abin da bai sani ba shi ne an sa wa rawani ɗan Kura suna ne da garin Kura, sheƙinsa daga bugu yake zuwa, kuma Buzaye ne manyan masu sayensa. Layi uku ko huɗu: mene ne, wa ya yi, yaushe aka ɗauki hoton, me ya sa yake cikin wannan baje koli. Ku jera su kuma yadda aikin yake tafiya, daga ganyen baba zuwa rawani a ka.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kashe aiki ranar gabatarwa. An gina shafin a Google Sites a kan babbar kwamfutar ɗakin karatu, ba wanda ya gwada shi a waya, alhali malami da iyaye duk da waya za su buɗe. Hotuna an ɗora su da nauyinsu na asali, kowanne megabait biyar ko shida, data ta ƙare shafin bai gama buɗewa ba. Ku rage girmansu kafin ɗorawa. An zaɓi salon rubutu mai ƙyale-ƙyale wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai Ƙofar Mata ta fito da ɗan akwati a madadin harafin farko. Wani lokaci ma an manta ba a buɗe shafin ga jama'a ba, mai shi kaɗai ke gani. Kwana biyu kafin a miƙa aikin, ku tura adireshin ga wani ɗan ajin da ba ya cikin rukuninku, ya buɗe da tsohuwar waya da datarsa, ku zauna kusa da shi kada ku ce komai, ku rubuta duk inda ya tsaya yana tambaya.