Yadda ake zama malamin yara masu buƙata ta musamman a Kamaru

Tun da na sa hoton ajinmu na kurame mutane ke ta tambayata wai ta ina ake shiga wannan aiki, to bari in zuba muku shi gaba ɗaya kowa ya huta.

Abu na farko dai bak, wato jarrabawar kammala sakandare ta ɓangaren Faransanci, babu ita babu jami'a, ko kuma GCE ga waɗanda suka yi ɓangaren Ingilishi. Kafin sakamako ya fito ka duba takardar haihuwarka da kyau, don a nan arewa matsalar akt, wato ita takardar haihuwar, ta fi komai kayar da mutane, suna ko ranar haihuwa ya bambanta da na takardar makaranta sai a mayar maka da dosiye, wato tarin takardun neman shiga, ka yi ta zirga-zirga tsakanin meri (ofishin magajin gari) da kotu har lokacin ajiye dosiyen ya wuce. Gyara shi tun yanzu.

Na biyu, zaɓen inda za ka karanta. Jami'ar Marwa da aka buɗe a 2008 tana da ENS, makarantar horar da malaman sakandare. Garwa ta samu jami'arta a 2022. Amma idan ainihin fannin ilimi na musamman kake so a matsayin sashe mai zaman kansa, to ka duba tsangayar ilimi ta jami'ar Yawunde ta ɗaya, ko jami'ar Buea in Turancinka ya zauna. Lisans, wato digiri na farko, shekara 3 ne, masta ƙarin 2, kuɗin rajista a jami'ar gwamnati dubu 50 na sefa a shekara, amma kar wannan ya ruɗe ka, haya da abinci da kuɗin jirgin ƙasa daga Gaundare zuwa kudu su ne ke cin aljihu.

Na uku, kuma nan ne nake so a buɗe kunne. Lisans kaɗai ba ta mayar da kai malamin da gwamnati ta sani. Ilimi ne ka samu, amma takardar koyarwa daban take. Mai son firamare da ajin ƙanana ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, zai shiga ya fito da takardar CAPIEMP, mai son sakandare kuma sai konkur, wato jarrabawar gasar shiga ENS, ya fito da takardar DIPES. Na ga masu lisans mai kyau suna koyarwa a makarantar kuɗi ana ba su abin da bai kai na sabulu ba, don kawai ba su da wannan takarda. Ni shawarata ka haɗa biyun, ko ka fara da CAPIEMP kana koyarwa kana karatun jami'a, ko ka gama lisans ka zauna konkur. Kuma a riƙa bin sanarwar ma'aikata ta shekarar da kake ciki, kar ka dogara da abin da yayanka ya yi a zamaninsa. Samun takardar ma ba shi ne samun matrikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, ba, wannan wani jiran ne daban.

Na huɗu, aikin hannu. A jami'a za a cika ka da darasin halayyar yara da yadda ƙwaƙwalwa ke girma, duk suna da amfani, amma ranar da ka tsaya gaban yaro kurma ba abin da zai cece ka sai hannunka. Koyi maganar hannu wajen kuramen da kansu, ka zauna da su majalisa, za su yi maka dariya in ka yi kuskure kuma a haka za ka iya. Ka sani alamun da ake koyarwa a makaranta sukan bambanta da wanda yaro ya taso da shi a gida da kasuwa, sai ka fara da nasa kafin ka kai shi ga na aji. Rubutun makafi na braille ɗigo 6 ne kacal ake jujjuyawa, haddace su ba wuya, saurin karantawa ne ke son kullum-kullum. Da allon hudawa da ɗan tsinkensa ake rubutu daga dama zuwa hagu, a juya takardar a karanta daga hagu, mu da muka yi allo wannan bai ba mu tsoro ba.

Na biyar, staj, wato gwajin aiki. Kar ka jira sai an tura ka, je ka cibiyar nakasassu ko makarantar da ake haɗa yara duka a aji ɗaya ka ce za ka taimaka kyauta, kuma ka karɓi takardar shaida da hatimi kafin ka tafi, tana ƙara wa dosiye nauyi.

Sai ka karanta dokar 13 ga Afrilu 2010 kan kare haƙƙin nakasassu, ka san yadda ake neman katin nakasa a ofishin kula da jin daɗin jama'a. Iyaye za su tambaye ka, wasu ma kai ne za ka bi su gida, don har yanzu akwai mai ɓoye yaro a ɗaki ko ya tura shi bara yana cewa ai wannan ba na boko ba ne. Da Fulatanci ko Hausa za ka lallashi irin wannan uba, Faransancin jami'a ka bar shi a ƙofar zaure.