Hedikwatar kamfani da garin da ta sauka: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Ranar da babban kamfani ya buɗe hedikwatarsa a gari, murna ake yi, a yi jawabai, a ɗauki hotuna. Bayan shekara biyar, je ka tambayi mai shagon da ke tsallaken titi abin da ya ƙaru da shi. Sau da yawa cunkoson motoci da tsadar haya kawai zai lissafa maka. Yawancin wannan asara tun a takardar zanen gini ake tafka ta, sai kuma a ofishin sayayya da wurin cinikin haraji. Amfanin hedikwata ga gari a hawa na ƙasa yake, da bakin ƙofa, da inda kuɗin yau da gobe ke zuwa.

Katangar da ta juya wa gari baya

Wannan shi ne kuskure mafi tsada, domin da kankare ake rubuta shi. A 1977 aka buɗe Renaissance Center a bakin kogin Detroit a Amurka, da nufin farfaɗo da tsakiyar birnin. Hasumiyar tsakiya hawa 73 ce. Amma a gefen titin Jefferson, inda jama'ar gari ke wucewa, sai aka gina manyan tudun kankare aka cusa na'urorin sanyaya da ɗumama ginin a ciki. Mai tafiya a ƙasa ba ya ma gane inda ƙofa take. Ma'aikaci ya shigo da mota, ya yi aiki, ya ci abinci, ya fita da mota, ƙafarsa ba ta taka titin Detroit ba. Da General Motors ta sayi ginin a 1996 ta mai da shi hedikwata, sai da ta kashe kimanin dala miliyan 500 a gyaran da aka kammala a 2004: aka rushe tudun kankaren, aka yi ƙofar gilashi mai fuskantar titi, aka buɗe babban zaure mai kallon kogi.

A wajenmu hujjar tsaro ake kawowa, kuma hujja ce ta gaskiya, ba wanda zai raina ta. Kuskuren shi ne ɗauka cewa tsaro na nufin katanga mai tsayin mutum biyu a kan iyakar fili. Abin da ake tsoro mota ce mai kutsawa da kuma mutumin da ba a bincika ba, kuma kowanne da maganinsa. Mota ana tare ta da gajerun turakun ƙarfe masu tushe mai zurfi, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce mita 1.2, ko da manyan tukwanen kankare da aka dasa itatuwa a ciki. Mutum yana ratsawa, mota ba ta iyawa. Binciken mutane kuwa a ja shi ciki, zuwa gaban na'urar hawa bene, inda ake nuna katin aiki. Abin da ke tsakanin turakun da wurin binciken ya zama na kowa: reshen banki, kantin magani, wurin shan shayi, zauren taro da ƙungiyoyin gari za su iya haya ko aro bayan an tashi aiki. Janareta, tankin man dizal da ɗakin shara a kai su baya, a kuma duba inda bututun hayaƙi ya dosa, don sau da yawa tagar maƙwabci yake kallo.

Filin jama'a da ba wanda ke zama a ciki

Tun 1961 dokar gini ta New York ta ba masu gini damar ƙara hawa idan sun bar fili a ƙasa don jama'a. An sami irin waɗannan filaye sama da 500, da yawansu kuma fanko ne: dutse mai sheƙi, ba wurin zama, wani lokaci har da ƙusoshi a kan dakali don kada a zauna. A 1975 aka gyara dokar bayan an daɗe ana lura da inda mutane ke zama da gaske, aka wajabta wurin zama gwargwadon faɗin fili. Idan aka juya ma'aunin, kusan mita ɗaya na benci ko dakali ne ga kowane murabba'in mita 9. Ma'auni ne da ya dace kowane mai zanen gini ya riƙe.

A ƙasa mai zafi, inuwa ta fi benci muhimmanci. Dubi ƙofar kowace babbar hedikwata a Abuja ko Legas da ƙarfe ɗaya na rana: direbobi sun raɓe a siririyar inuwar katanga, mai neman aiki ya kare kansa da ambulan ɗin takardunsa, tsohon da ya zo bin haƙƙinsa na fansho yana tsaye tun hantsi. A ciki kuwa ga ciyawa kore shar ana yi mata ban ruwa, ba mai taka ta. Gyaran ba shi da tsada in an kwatanta da kuɗin gini. A dasa itatuwa masu faɗin inuwa irin su maɗaci ko darbejiya maimakon dabinon ado, a yi dakali mai tsayin santimita 45, a sa famfon ruwan sha da wurin alwala, da bayan gida da ake shiga ba sai an nuna kati ba. Sannan a rubuta lokutan buɗewa a allo a bakin ƙofa, a kuma faɗa wa kamfanin masu gadi a rubuce cewa zama a nan ba laifi ba ne. In ba a rubuta ba, mai gadi zai kori mutane, don shi abin da ya sani ke nan. Ginin bankin HSBC na Hong Kong an ɗaga shi sama aka bar ƙasansa a buɗe, mutane na ratsawa, kuma duk Lahadi mata masu aikin gida 'yan Filifin kan taru a wurin su shimfiɗa kwali su yi hutunsu.

Ciyar da ma'aikata a ciki har su manta da titi

Ma'aikaci dubu uku da ke fita cin abincin rana kasuwa ce guda. Idan kamfani ya yi kantin kyauta mai ɗaukar kowa, ya kashe wannan kasuwa kafin a haife ta. Garin Mountain View na Kalifoniya ya gane haka, shi ya sa a 2014 ya gindaya sharaɗi a kan wani rukunin gine-gine da Facebook ta shiga daga baya: kamfani ba zai riƙa biyan fiye da rabin kuɗin abinci a kantinsa na ciki ba, amma yana iya biya duka a gidajen abinci da kowa ke shiga. Amazon kuma a Seattle da gangan ta yi kantunan da ba za su ɗauki fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata ba.

A nan gida, mai abincin tana nan tun kafin a gama gini, da kulolinta da bencinta a ƙarƙashin bishiya, ita ce ta ciyar da leburorin da suka ɗora bulo. Ranar buɗewa ake korarta don ta ɓata kyan wuri. Abin da ya dace shi ne a ware rumfuna shida zuwa goma a gefen fili, da ruwa da magudana da kwandon shara, haya mai sauƙi da yarjejeniyar shekara, a kuma taimaka musu su sami takardar jami'an tsafta. In kamfani na ba da tallafin abinci, ya ba da shi ta tikiti da ake karɓa a rumfunan.

Motoci

Apple Park, hedikwatar kamfanin Apple da aka buɗe a 2017 a Cupertino ta Kalifoniya, tana da wurin ajiye motoci kusan 11,000, kuma dokar garin ce ta tilasta yawan. Kowane gurbin mota gayyata ce ga ƙarin mota a titin gari. A ɗaya gefen, motocin bas na ma'aikatan Google sun jawo zanga-zanga a San Francisco a ƙarshen 2013 saboda suna tsayawa a tashoshin bas na gwamnati ba tare da biya ba. Bas ɗin ma'aikata abu ne mai kyau, musamman inda mutane ke zuwa Abuja daga Mararraba da Suleja, amma a yi masa wurin tsayawa a cikin filin kamfani. A kuma tanadi gurbin baƙi da inda masu a-daidaita-sahu da tasi za su sauke fasinja, in ba haka ba layi ɗaya na titin jama'a ya zama garejin kamfani.

Rangwamen haraji ba tare da igiya ba

Wannan kuskuren na hukumomi ne da kamfani baki ɗaya. A 2001 Boeing, mai ƙera jiragen sama, ta ɗauke hedikwatarta daga Seattle zuwa Chicago, bayan jiha da birni sun yi mata alkawarin rangwame na kimanin dala miliyan 60 a tsawon shekara 20, a kan ma'aikata kusan 500. A 2022 ta sanar da ƙaura zuwa Arlington a jihar Virginia. Amazon ta nemi garuruwa su yi takarar hedikwatarta ta biyu a 2017, ta sami tayi 238. An ƙulla na New York a asirce, kusan dala biliyan 3 a kan ayyuka 25,000, kuma da jama'a suka ji suka tayar da ƙura, kamfanin ya janye a watan Fabrairun 2019. Kowa ya tashi a tutar babu.

Yarjejeniya mai kyau tana bayyana adadin ayyuka, mafi ƙarancin albashi, da shekarun da kamfani zai zauna. Ana sakin rangwamen ne kashi-kashi bayan an ƙirga ayyukan, kuma akwai sharaɗin mayar da kuɗi in an gaza. A wallafa ta kafin a sa hannu. Masu lissafi a Najeriya su tuna cewa harajin albashi jihar da ma'aikaci ke zaune ake biya, don haka garin da ya ba da fili da titi na iya ganin rabin harajin ya tsallaka iyaka in babu gidajen haya masu sauƙi a kusa.

Kyautar rana ɗaya

Rabon buhunan shinkafa da azumi sadaka ce mai lada, amma ba ta sauya gari. Haka rijiyar burtsatse da aka haƙa aka kafa allo mai tambarin kamfani, bayan wata takwas famfo ya lalace ba wanda aka ɗora wa gyara. Duk aikin da za a yi wa al'umma, a ware kuɗin kula da shi na aƙalla shekara biyar tun a kasafin farko, a kuma rubuta sunan hukumar da za ta karɓa.

Kamfanin injuna na Cummins da ke Columbus a jihar Indiana, gari mai mutum kimanin 50,000, ya zaɓi abu ɗaya tun 1957 ya tsaya a kai: gidauniyarsa na biyan kuɗin mai zanen gini na makarantu da ofisoshin kashe gobara da sauran gine-ginen gwamnati, muddin an zaɓi ƙwararre daga jerin da ta bayar. Gari ne ke biyan kuɗin gini kuma shi ke da iko. Yau mutane na zuwa yawon buɗe ido don ganin gine-ginen. A Legas, bankin Zenith ya gyara titin Ajose Adeogun inda hedikwatarsa take, kuma a 2019 umarnin shugaban ƙasa mai lamba 007 ya ba kamfani damar gina titin gwamnati a cire masa kuɗin daga harajinsa.

Sai dai kuɗin da ya fi duk wannan yawa yana ofishin sayayya: shara, gadi, ɗab'i, ɗinkin kayan aiki, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kujeru. An saba dunƙule su a kwangila ɗaya a ba babban kamfani daga wani gari, don ya fi sauƙin sa hannu. A rarraba su ƙanana yadda ɗan kasuwar gari zai iya ɗauka, a rage tulin takardun rajista ga ƙananan kwangiloli, a kuma biya cikin kwana 30. Tela mai keke goma ba zai iya jiran wata uku ba, bashi zai ci don ya biya yaransa, ribar ta tafi a nan. Kowace shekara a fitar da adadi ɗaya a rahoton kamfani: cikin kowace naira ɗari da aka kashe a sayayya, nawa ce ta shiga hannun 'yan kasuwar da ke da rajista a garin. A karanta adadin a gaban masu unguwanni da ƙungiyar 'yan kasuwa, a ajiye shi kusa da na bara.