Kurakuran da aka fi yi wajen kafa tankin murjanin teku, da yadda ake gyara su

Wanda ya yi niyyar kwaikwayon tsibin murjanin teku, wato ƙananan halittun ruwa da ƙashinsu ke taruwa ya zama tsibi, a cikin tankin gilashi, ruwa ne abin da zai fi wahalar kulawa da shi, domin kifi da murjani suna rayuwa ne muddin ruwan ya tsaya a hali ɗaya. A teku mai zafi, gishiri da ɗumi da sinadaran ruwa ba sa sauyawa sai a hankali, amma a tankin lita 200 sakacin kwana biyu ya isa ya birkita komai.

Kuskuren da ya fi kashe halittu shi ne zuba kifi a tankin da aka cika jiya. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce, kuma manyan masu kawar da ita su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zama a ramukan dutse da yashi, waɗanda ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyi kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Gyaran shi ne a bar tankin yana aiki ba kifi, ana sa masa ɗan abin da zai ba da amoniya, ana aunawa, har sai amoniya da naitirait sun sauka zuwa sifili, sannan a shigo da kifi ɗaya ko biyu, a jira makonni kafin a ƙara. A nan sauri kan haifi nawa, domin wanda ya yi gaggawa yakan koma farko bayan ya yi asarar kifayensa.

Sai kuma ruwan da ake haɗa gishirin da shi. Ruwan famfo yana iya ɗauke da sinadaran kilorin da fosfet da jan ƙarfe. Fosfet yana ciyar da gansakuka har ta lulluɓe duwatsu, jan ƙarfe kuwa ko kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande. Ruwan da aka tace da na'urar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, ne ya dace, kuma gishirin dole ya zama wanda aka haɗa musamman don tankin teku, domin na girki ba shi da sinadaran da ake bukata. Abin nema shi ne giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa, wato kusan 1.026 a na'urar auna kaurin ruwa. Akwai wani kuskure a nan da ke yi wa sabon shiga kama da hankali: idan ruwa ya ragu saboda tururi, sai ya cike gurbin da ruwan gishiri. Gishiri ba ya tashi da tururi, yana nan a tankin, saboda haka ruwa tatacce marar gishiri ake cikewa da shi. Ruwan gishiri sai lokacin canjin ruwa, wanda galibi kashi 10 cikin 100 ne a mako.

Wajen shirya duwatsu, da yawa sukan jibge su jikin gilashin baya kamar katanga. Ruwa ba ya ratsa irin wannan gini, datti kan taru a bayansa ya ruɓe inda hannu ba ya kaiwa. Tsibin murjani na gaske yana da kogo da duwatsu masu siffar baka da filin yashi a tsakani, kuma haka ya kamata a tsara shi, da tazara tsakanin dutse da gilashi ta kowane ɓangare. A aza duwatsun a kan gindin tankin kafin a zuba yashi, a kuma manne su da kyau, domin kifin da ke tonon yashi yana iya janye ƙasan dutse ya rufto kan gilashi.

Murjani dabba ce, amma yawancin irin da ake kiwo suna samun babban kason abincinsu daga ƙwayoyin gansakuka da ke zaune a cikin namansu, waɗanda ke sarrafa haske su ba su sukari. Wannan ya sa ake zaton yawan haske shi ne magani, sai a saka sabon murjani a can sama a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Bayan kwanaki launinsa ya koɗe, farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin naman, domin ya amayar da waɗannan ƙwayoyi. Zafin da ya wuce kima ma haka yake yi, shi ya sa ake riƙe ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 da 26 na ma'aunin Celsius. A fara ajiye sabon murjani a ƙasa, ana matso da shi sama sannu a hankali cikin makonni. Motsin ruwa ma ba a raina shi, domin shi ke kawo wa murjani abinci ya kwashe masa datti. Abin da ake so shi ne ruwa mai kaɗawa ta ko'ina, wanda bai harbi murjanin kai tsaye ba.

Zaɓen murjanin kansa yana bukatar haƙuri. Acropora mai rassa ita ce ke jan ido, amma tana cikin mafi saurin mutuwa, tana son kalsiyam wajen 400 zuwa 450 ppm (kashi cikin miliyan) da ƙarfin ruwa na kashe tsami tsakanin 7 da 11 a ma'auninsa na dKH ba tare da hawa da sauka ba. A ganina gara a fara da masu laushin jiki, a bar masu ƙashi sai an ƙware a awo. Kuma a ba su tazara, domin irin su Galaxea kan miƙa dogayen zaruruwa da dare su harbi maƙwabcinsu har namansa ya zagwanye. Wasu nau'o'in murjanin Palythoa da Zoanthus suna ɗauke da guba mai tsanani ga ɗan Adam, don haka a sa safar hannu da tabarau wajen taɓa su, kuma kada a kuskura a tafasa dutsen da suke kai, domin tururinsa yana cutar da huhu.

Idan manufar ita ce kwaikwayon wani yanki na gaske, to kada a cakuɗa halittun tekuna daban-daban. Kifin Amphiprion, mai ruwan lemo da farin ratsi, ɗan tekun Indiya da Fasifik ne, babu shi a tekun Karebiyan, inda kifin Gramma loreto yake. A kuma tambayi girman da kifi zai kai kafin a saya: shuɗin kifin Paracanthurus hepatus ana sayar da shi ƙarami, amma yakan kai kusan santimita 30, tankin lita 200 ya yi masa kaɗan.

Sabon kifi ya kamata ya fara zama makonni a wani ƙaramin tanki daban kafin ya shiga babban. Cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar cuta mai suna Cryptocaryon ke haddasa wa kifi, idan ta shiga tankin murjani tana da wuyar fitarwa, domin maganin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da jan ƙarfe, kuma dutse kan tsotse shi ya riƙa sakinsa daga baya. Idan cutar ta riga ta shiga, sai a kwashe kifayen duka a yi musu magani a tanki daban, a bar babban ba kifi na tsawon makonni 10 zuwa 11, har ƙwayar cutar ta mutu don rashin jikin da za ta kama.