Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta ayyukan long double a laburaren lissafi

Long double nau'in lamba ne a harshen C wanda galibi ya fi double yawan bit. Tun ƙa'idar C99 ta wannan harshe, ayyukan lissafi da ke cikin math.h suna da 'yan'uwa na long double masu ƙarewa da harafin l: expl, logl, sinl, powl da sauransu. Sabon tsarin sarrafa kwamfuta yakan rasa wasunsu, kuma cike giɓin aiki ne da ya dace da ɗaliban kwamfuta na Katsina da Daura. Ga inda aka fi yin tuntuɓe.

Mafi muni shi ne a sa expl ta kira exp kawai, a ce an gama. Manhaja za ta haɗu lami lafiya, amma an tauye wa mai amfani mudu. A x86, long double bit 80 ne, 64 daga ciki ke riƙe ainihin lambar, double kuwa 53 gare shi. An zubar da bit 11 ke nan. Ga kuma iyaka: exp takan cika ta batse idan x ya haura 709.78, alhali expl ya kamata ta kai wajen 11356. Dabarar kiran exp ba ta halatta sai inda LDBL_MANT_DIG, wato adadin bit ɗin da ke riƙe ainihin lambar a long double, yake 53, kamar ARM mai bit 32.

Kada kuma a ɗauka ko'ina bit 80 ne. Linux a kan AArch64, wato ARM mai bit 64, yana da bit 128, 113 daga ciki na ainihin lambar, tsohon tsarin PowerPC kuwa double biyu yake haɗawa su ba da 106. Shi ya sa FreeBSD ya ware ld80 da ld128, kowanne da nasa. Tsarin bit 80 yana ajiye bit ɗin farko a fili, ba ya ɓoye shi kamar double, don haka lissafin bit da aka kwafo daga fdlibm, laburaren lissafi da aka rubuta don double, zai karkace. Bayit 10 ne kawai ke aiki cikin 16 a x86-64, sauran ciko ne, saboda haka ba a kwatanta lambobi da memcmp, mai gwada bayit da bayit.

A kula da harafin L. Wanda ya rubuta 0.1 maimakon 0.1L ya riga ya yi asara tun kafin lissafi ya fara. Haka ma lambobin da fdlibm ke kusanto amsa da su, don bit 53 aka auna su. Dole a sake fitar da su da hanyar lissafi ta Remez, manhajar Sollya na yin wannan.

Umarnin fsin na x87, sashen lissafi na x86, yana jan hankalin mai rubuta sinl don sauƙinsa, amma pi ɗin da yake amfani da shi bit 66 ne. Kusa da pi amsarsa takan lalace sosai, kuma ba ya karɓar abin da ya kai 2^63. Manyan lambobi sai a rage su da hanyar Payne-Hanek.

Sai lambobin gefe, waɗanda Annex F na ƙa'idar C ya fayyace: logl na sifili ta ba da -Inf, na -1 ta ba da NaN, wato alamar cewa ba lamba ba ce, sinl na -0 ta dawo da -0.

Gwaji kuwa, kada a auna expl da exp. A lissafa amsa da laburaren MPFR a bit 200, a auna tazarar da ulp, wato ƙimar bit ɗin ƙarshe na amsar, kan miliyoyin lambobi, a tsananta wajen sifili, iyakar cikawa da ninkin pi. A nufi kuskuren da bai kai ulp ɗaya ba.