Idan Rumbun Bayanai Yana Ɗaukewa Jefi-jefi

Matsalar da ke zuwa ta tafi ita ta fi ba ni wahala a aikin kula da sabar masu shaguna, wato kwamfutar da ke riƙe rumbun bayanansu, a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi. A kira ni, "Malam, abin ya sake tsayawa," kafin in iso ya warware da kansa.

Roƙona na farko, don Allah kada ku kashe sabar ku kunna, domin kun share shaida ke nan. Kada kuma ku tsawaita wa'adin jira, ciwon yana nan, kun dai rufe shi da zane.

A fara da biro da takarda. Duk wanda ke gaban kwamfuta ya rubuta awa da minti a duk sanda haɗi da sabar ya katse, har mako guda. Mu a Gana mun yi sa'a, agogonmu ɗaya ne da UTC, agogon duniya da yawancin sabobi ke bi, don haka lokacin da yaron shago ya rubuta shi za ku tarar a kundin sabar. 'Yan'uwanmu na Kano sai sun rage awa ɗaya.

Idan katsewar tana zuwa ne da buɗe shago ko bayan an taso daga Juma'a, ku zargi haɗin manhaja da rumbun bayanai da ya daɗe ba a taɓa shi ba. Rumbun bayanai na MySQL yana rufe irinsa bayan daƙiƙa 28,800, wato awa 8. Na'urorin da ke tsakani ba su da wannan haƙuri: NAT na AWS, wato mashigar intanet ta sabobin Amazon, yana yar da shi bayan daƙiƙa 350, alhali Linux ba ya leƙa lafiyar haɗi sai bayan 7,200. Manhaja tana zaton layi na nan, ta aika tambaya, sai ta tarar layin ya riga ya mutu. Ku rage wannan saitin na Linux, tcp_keepalive_time, zuwa ƙasa da 350, ku sa manhaja ta riƙa sabunta haɗinta.

In kuwa sai lokacin cinkoso, kamar jajibirin Sallah, ƙofofi ne suka cika. Rumbun bayanai na PostgreSQL yana zuwa da gurbin haɗi 100, MySQL da 151. A daidai lokacin ku duba jerin masu haɗi da pg_stat_activity a PostgreSQL ko SHOW PROCESSLIST a MySQL. Wanda ya fara aiki bai rufe ba yakan riƙe makulli, kowa ya yi layi a bayansa. A PostgreSQL na fi son PgBouncer, manhajar da ke sa masu yawa su yi tarayya a haɗi kaɗan, a kan ƙara gurbi, don kowane haɗi yana cin ƙwaƙwalwa.

Minti ɗaya kullum da dare? Ku leƙa cron, mai tayar da ayyuka bisa jadawali, wataƙila mysqldump mai kwafe bayanai don ajiya ne ke kulle teburan bayanai, sai a ƙara masa --single-transaction.

Idan lokutan ba su da tsari, ku bar ping, mai gwada ko sabar na amsawa, yana rubutu a fayil dare da rana, sannan ku leƙa bayan teburin da na'urorin ke kai. Sau da yawa sabar tana kan UPS, batirin ko-ta-kwana, amma na'urar rarraba intanet tana jone da bango kai tsaye, dumsor, wato ɗaukewar wuta, na ƙiftawa ita ce ke mutuwa. Ku mayar da filoginta kan UPS ɗin.